Ɗigo Ɗaya

Daren Lahadi a gidan gonarmu, arewacin Montana,
iskar Kanada tana dukan langa-langar rumbu.
Na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin,
na zazzage harsasai shida a kofin shayi,
na ƙirga, na sake ƙirgawa,
na leƙa kowane rami da idona,
don bindigar da aka rantse babu komai a cikinta
ita ta fi kai mutane kushewa.

Buroshi ya shiga bututu, ya fito.
Tsumman farko baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na biyu toka-toka,
na biyar ya fito da farinsa.
Na ɗaga ta saitin fitila,
haske ya bi ta ciki yana murɗawa.

Saura mai.
A nan hannuna yake tsayawa kullum.

Mahaifina, Orval, mutum ne mai sakin hannu.
Yadda yake lafta man shanu a burodi
haka yake yi wa ƙarfe.
Yakan ce, Verna, abin da kike so, ki ciyar da shi.
Bindigarsa har naso take yi a kube,
ƙamshinta ya kama rigunansa, ya kama motar.

Ina shekara goma sha ɗaya, cikin Janairu,
sanyin da ke daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa,
goɗiyarmu Juniper ta zame a ƙanƙarar rafi.
Ƙashin ƙafarta ya huda fata.
Babu likita kusa, da ma akwai, babu abin ɗorawa.
Baba ya cire safar hannu, ya shafa goshinta,
ya rufe mata ido da hularsa,
ya ce in juya baya.

Ƙyas.
Na jira ƙarar, ba ta zo ba.
Ƙyas. Ƙyas.
Man ya yi kauri kamar kakiɗe,
ya riƙe allura, ta taɓa harsashi a kasalance
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ya so a buɗe.

Sai ya ɓalle maɓallan rigarsa,
ya cusa ƙarfen nan a hammata, fata da ƙarfe,
ya durƙusa a dusar ƙanƙara yana karkarwa.
Ni na rungume wuyan Juniper.
Numfashinta na fita fari, yana komawa ƙanƙara a gashin idona.
Rabin sa'a, in ji agogo.
Ni dai har yau ban gama ƙirga ta ba.

Daren nan bai ci abinci ba.
Ya wargaza ta gunduwa-gunduwa a wannan teburin,
yana gogewa har zakara ya yi cara.
Tabon sanyin ya bi shi kabari,
ja, a ƙarƙashin hannun hagu.

Maƙwabcinmu Delbert shi nasa daban:
shekara tara tasa na kwance a akwatin mota,
ran da ya neme ta, tsatsa ta riga shi.
Sakaci na cin ƙarfe, kowa ya sani.
Ba a cika faɗin cewa shagwaɓa ma na ci ba.

Don haka nake tsoma tsinken sakace a kwalba,
ɗigo ɗaya inda ƙarfe ke gugar ɗan'uwansa,
in bi da busasshen ƙyalle in kwashe rabi.
Na juya gidan harsashi kusa da kunne,
yana tafiya sumul, ba kuka, ba santsi.

A ɗaki na sama ɗana Leif yana haɗa jaka,
gobe zai kama aiki a Billings.
Na tanadi nasihohi sun fi arba'in,
da bargo uku, da tulin gwangwanaye.
Na dubi tsinken da ke hannuna.

Na kulle bindiga a akwatinta, harsasai a nasu.
Da safe zan ba shi bargo ɗaya,
in ce ya kira ni in ya isa.